Barkonon da Muka Ƙi Yafewa

Ku kife wayoyin nan tukuna, tunda ku kuka tsokano ni. Jiya ina alwala a bayan ofis na ji ɗayanku, ba sai na kama suna ba, yana cewa aikin Malam Sale ai ba aiki ba ne, yarjejeniya ko a waya ana samunta, sai dai ka canza suna da kwanan wata ka buga. Na ji, na kuma ji dariyar da aka yi. To madalla. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina rubuta wa ƙungiyar manoman nan takardunta, tun muna haya a shago guda a bakin kasuwar Ikara har muka yi mambobi a Makarfi da Kudan. Aikin nawa abu biyu ne. Duk wanda za mu ba aiki, mai mota ne ko magini ko mai tarakta, in rubuta wanda zai ɗauki asara idan abu ya lalace. Sannan in tabbatar wanda ya ce zai ɗauka yana da abin ɗauka. A baki kam minti ɗaya ya isa a faɗa.

Wanda ya koya mini, Allah ya jiƙansa, Malam Tanimu ne, tsohon rajistaran kotu da ya yi ritaya ya kafa tebur a wata rumfa yana buga wa mutane takardun cinikin gona da na jingina da na haya. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: tafireta, takardar kabon, kwalin tawadar dangwale, da jan biro wanda ba ya ba kowa aro. Shekara biyu na yi a gabansa bai bar ni na rubuta layi ɗaya na kaina ba. Kullum da safe sai ya kora ni kotu in zauna a bencin baya in saurari masu shari'a, in na dawo ya tambaye ni a ina rigimar ta faro. In ce ranar da shanu suka shiga gona, ko ranar da bango ya faɗi. Sai ya girgiza kai ya ce in koma gobe. Sai da na gaji don kaina sannan na gane. Rigimar ta faro ne tun ranar ciniki, lokacin da mutum biyu ke dariya suna shan fura, kowa ya ji nauyin tambayar ɗan'uwansa, to in abu ya ɓaci fa, wa zai ɗauka? Ranar da na kawo masa wannan amsa ya miƙo mini jan biron ya ce in riƙe masa zai je masallaci. Iyakar yabon da ya taɓa yi mini ke nan.

Aikin farko da na yi wa ƙungiya da hannuna na feshi ne. Mun ɗauki wani mutum ya fesa maganin ciyawa a gonar ƙungiya ta wajen Taba. Na zauna na tsara takarda mai kyau, har da sharaɗin cewa duk ɓarnar da feshin ya yi wa wani, mai feshi ne zai ɗauka, ƙungiya ba ruwanta. Na karanta masa gaban shaidu, ya dangwala yatsa yana murmushi. Ya je ya yi feshi da rana tsaka iska na kaɗawa, magani ya tsallaka iyaka ya sauka a kan tumatirin maƙwabci da ya fara fure. Cikin kwana uku ya ƙone ƙurmus. Maƙwabci bai nemi mai feshi ba, mu ya kama, don gonarmu ce. Na ɗauko takardata ina taƙama muka nufi gidan mai feshi. Abin da muka tarar ya mallaka a duniya famfon feshi ne na goyo da keke ba birki. Ya ce wallahi ya amince shi ne zai biya, ga shi ga mu. Ƙungiya ce ta biya. Na kai wa Malam Tanimu takardar don ya nuna mini inda na yi kuskure, ya karanta har ƙasa ya ce rubutu ba laifi, sai dai na ɗora wa kaza kayan jaki. Daga ranar ban ƙara rubuta sharaɗin ɗaukar asara shi kaɗai ba. Ƙaramin aiki, mutum ya kawo mai tsaya masa wanda aka san gonarsa. Babban aiki kuwa sai da inshora.

Mutanenmu ba sa son wannan magana, ku sani tun yanzu. Kana fara karanta musu idan mota ta faɗi, idan wuta ta kama, idan lebura ya faɗo daga kan gini, sai ka ga fuska ta canza. Wani ya ce Malam fata nagari mana. Akwai maginin da ya tashi ya bar kwangila sukutum, wai na yi masa baƙin baki tun bai aza tubali ba. Nan aka laƙa mini Malam Idan, har yaran layinmu suka ɗauka sunan yanka ne. Wannan bai dame ni ba. Wanda ke ɓata mini rai shi ne mai cewa ai mu 'yan'uwa ne ba sai an rubuta ba, alhali duk waɗanda na saurara a bencin kotu 'yan'uwa ne ko aminai.

Aikin da nake so ku ji shi ne na barkono. Wata shekara ƙungiya ta yanke shawarar a daina sayar wa dillalai busasshen barkono a nan, a tara na mambobi gaba ɗaya a cika babbar mota a kai Kudu inda yake da daraja. Wanda zai ɗauka Alhaji Bawa ne na Makarfi, mai manyan motoci uku, aminin shugabanmu Alhaji Garba tun suna samari. Mutum ne mai alheri, ba wanda ya taɓa kama shi da cin amana. Na rubuta cewa daga lokacin da buhu ya hau mota har ya sauka, duk abin da ya same shi yana wuyan mai mota, kuma ba za a yi lodi ba sai ya kawo inshorar kayan da ke cikin mota. Na karanta masa a zaurensa. Da farko dariya ya yi, ya tambayi Alhaji Garba ina ya samo wannan. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya ce shekara ashirin yana ɗaukar kayan mutane da baki kawai ko allura ba ta ɓace ba, yau shi za a nema wa takarda kamar ɓarawo.

Ya aika aka ɗauko takardar da ke cikin mota ya jefo mini. Ku masu cewa aiki ba wuya, nan ne wurin. Takarda ce mai kyau da tambari da komai, amma irin wadda ake nunawa a shingen hanya ce a wuce. Ko da ta gaskiya ce, abin da ta ɗauka ɓarnar da mota za ta yi wa wani ce a kan titi, ba ruwanta da buhun da ke bayanta. Ban kuma kira lambar da ke jikinta ba, don wanda ya buga takardar shi ya sa lambar. Na je Zariya ofishin kamfanin da ƙafata, suka duba suka ce ba su san da ita ba. Alhaji Bawa kansa bai sani ba, wani ne ya yi shekaru yana sayar masa. Da na gaya masa sai ya juya, ya ce dama shi inshora ba ta kwanta masa ba, caca ce. Na ce mu je wurin wanda ya fi mu sani. Muka tafi Kudan wurin Malam Zubairu, malamin fiƙihu da dukkanmu muke jin maganarsa. Malam ya ce akwai wadda malamai suka yi saɓani a kai, akwai kuma ta taimakekeniya da ake kira takaful, inda kowa ke zuba nasa a asusu don a tallafi wanda tsautsayi ya faɗa wa, wannan shi bai ga laifinta ba. Alhaji Bawa ya ce ya ji, zai nemo irin wannan.

Kwana tara barkono na sito ana jiran takarda. Ana ta bugo waya daga Kudu wai farashi zai sauka. Alhaji Garba ya ce in sassauta a yi lodi, takarda ta biyo baya, na ce a'a. Makullin sito yana aljihuna. Mambobi suka yi mini ca. Har Gwaggo Asabe ta hau acaɓa tun daga Saulawa ta zo ta same ni. Tsohuwa ce da ɗanta ya rasu ya bar mata jikoki huɗu, ita ke noma musu gonar ubansu. Buhu shida ta kawo, su ne cinsu da suturarsu da takin baɗi. Ta tsaya a ƙofar ofis ta wanke ni tas, ta ce in barkononta ya yi fumfuna a sito, ni da ita ne har gaban Allah. Na ce na ji Gwaggo, amma ban buɗe ba.

Da takarda ta iso na bi ta layi layi da jan biro: lambar mota da ta inji, irin kayan, iyakar abin da za su biya ya kai darajar lodin ko bai kai ba, ranar da za ta ƙare, nauyin da aka yarda, sunan direba. Direban Nasiru ne, babban ɗan Alhaji Bawa, mai natsuwa a kan sitiyari, mai tsokana a ƙasa, Baba Idan yake ce mini. Takardar ta hana ɗaukar mutum a saman kaya, mu kuwa al'adarmu mai kaya ya haye buhunsa ya raka shi. Da kaina na taka taya na hau na sauko da mutum biyu suna zagina. Mota ta tafi ta dawo lafiya. Shekara ta biyu ma haka. Kowace shekara sai na karɓi sabuwar takarda na sake zuwa Zariya, mambobi kuwa na gunaguni wai kuɗin inshorar da Alhaji ya ƙara a kan kuɗin mota zuba shi ake a rijiya.

Shekara ta uku barkono ya yi kyau, kusan kowa ya kawo nasa, har da Gwaggo Asabe. Kwana biyu da tashin mota, da hantsi muna ofis, aka bugo wa Alhaji Garba waya. Taya ta fashe a gangaren wata gada, mota ta ƙwace ta faɗa rafi. Nasiru ya rasu nan take. Barkono kuwa wanda ruwa bai tafi da shi ba ya jiƙe sharkaf, busasshen barkono in ya sha ruwa ya kwana a buhu sai dai a zubar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa, Nasiru ina son sa.

To ga inda aikin yake, ku buɗe kunne. Kamfanin ba mu ya yi wa inshora ba, Alhaji Bawa ya yi wa. Abin da suka ɗauka shi ne su biya duk abin da ya hau wuyansa game da kayan mutane. Kafin su biya sai mu masu kaya mun rubuta masa takardar neman hakkinmu cikin kwana bakwai, shi kuma ya sa hannu ya miƙa musu. In kuwa muka ce mun yafe masa, to ba abin da ya hau wuyansa, kamfani ba shi da abin biya. Yafiyar ba za ta ƙara wa Alhaji ko kwabo ba, tunda ba daga aljihunsa za a biya ba. Noman shekarar mutanenmu ne kawai zai bi ruwa. Na yi wa Alhaji Garba wannan bayani a mota muna dawowa daga jana'iza. Ya ce in ji tsoron Allah, ƙasar kabari ba ta bushe ba ina zancen takarda. Na bar maganar a nan. Kuskurena ke nan, kamata ya yi in koma masa washegari in zaunar da shi.

Ranar addu'ar uku aka cika ƙofar gidan Alhaji Bawa a Makarfi, direbobi da 'yan kasuwa da mambobinmu. Malam Zubairu ya ja addu'a. Da aka shafa sai ƙanen Alhaji Bawa ya miƙe kamar yadda aka saba, ya ce duk mai hakki a kan mamaci ya faɗa a sauke masa, ko ya yafe. Aka amsa ta ko'ina, mun yafe, Allah ya yafe mana. Sai na ga Alhaji Garba ya yunƙura ya miƙe. Yana share hawaye da hannun riga ya ce shi ne shugaban masu kayan da ke cikin motar, kuma a madadin ƙungiya kayan nan kaf an yafe, kada amininsa ya ƙara tunaninsu, rai ya fi dukiya. Wuri ya ɗauki Allah ya saka da alheri.

Ina zaune ina jin su. Na san in aka tashi a kan wannan magana gaban taro irin wannan, shi ke nan, ba takardar da za ta tashe ta. Na kuma san abin da za a ce da ni in na buɗe baki. Gwaggo Asabe ba ta wurin, mata suna cikin gida, ba mai yin magana da bakinta. Na miƙe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Nasiru mun yafe masa duniya da lahira, ba mu bin sa komai. Amma kayan nan ba mu yafe ba."

Kowa ya juyo ya dube ni. Can wani ya ce a'uzubillahi. Wani direba ya taso zai cakumi wuyana aka riƙe shi. Alhaji Garba ya ce in zauna, na ƙi zama. Alhaji Bawa kuwa ɗago kai kawai ya yi ya dube ni, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba.

Malam Zubairu ne ya ɗaga hannu aka natsu. Bai ko dube ni ba, ya juya wajen Alhaji Garba ya tambaye shi ko barkonon duka nasa ne. Ya ce a'a, nasa na ciki dai. Malam ya tambaya ko masu kayan sun wakilta shi ya yafe, ya ce ba a zauna ba. Malam ya sake tambaya ko akwai na marayu a ciki, na ce akwai. Sai ya ce, "Alhaji, naka ka yafe, Allah ya ba ka lada. Na mutane amana ce a hannunka, wakili ba ya kyauta da abin da aka ba shi riƙo. Na marayu kuwa ko kakarsu ba ta da ikon yafe shi." Ya ƙara da cewa mamaci ba komai a wuyansa, aikin mahaifinsa yake yi kuma ba ganganci ya yi ba. Ya yi fatiha aka watse. Da na je gaishe shi zai shiga mota, ya ce gaskiya na faɗa amma na zaɓi mummunan wuri. Na ce Allah gafarta Malam, ba ni na zaɓa ba. Ranar ban sami wanda zai rage mini hanya ba, motar haya na shiga zuwa Ikara.

Takardar neman hakki washegari na buga ta. Na jera sunan kowane mamba da buhunansa, da na zo kan Alhaji Garba na tsallake, tunda ya yafe nasa gaban jama'a kuma yana da ikon yi. Na kai masa ya sa hannu a matsayin shugaba. Ya duba bai ga sunansa ba, ya dube ni, ya ce magana zarar bunu ce, ya sa hannu. Nan na ƙara ganin girmansa, ko da yake ya yi wata uku ba ya yi mini magana sai ta aiki.

Ranar kwana biyar na koma Makarfi da takarda a jaka. Na sami Alhaji Bawa shi kaɗai a zaure da carbi. Na yi gaisuwa ya amsa a taƙaice. Na durƙusa na fara bayanin cewa ba daga aljihunsa za a biya ba, kuma kwana biyu kawai suka rage. Ya katse ni ya ce ya sani, shi ya biya kuɗin inshorar, ba jahili ba ne. Ya karɓi biro ya sa hannu inda na nuna, bai karanta ba. Sannan ya ce, "Da ka bar ni na gama makokin ɗana, da ko mota zan sayar sai na biya ku. Tashi ka tafi." Na san zai iya. Na kuma san motoci biyun da suka rage su ne abincin gidansa. Na tashi na tafi.

Mai binciken asara da kamfani ya turo, kun san tambayarsa ta farko? Tun a tasha ya ji labari, ya iso ofis yana cewa an ce masu kaya sun yafe. Na ce mu je Kudan. Malam Zubairu ya gaya masa yadda aka yi ba ragi ba ƙari. Mutumin ya duba takardar awon nauyi, ya duba lasisin marigayi, ya tambaya ko akwai fasinja a saman kaya, aka ce babu. Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Ikara da Zariya da Kaduna har takalmina ya cinye. A gari kuwa sunana ya ɓaci. In na shiga sahu a masallaci sai wani ya matsa, masu kawo mini takardar cinikin gona suka ɗauke ƙafa. Har cikin mambobin da nake wa wahala akwai masu cewa da na bari an yafe, da Allah ya mayar musu ta wata hanya.

An biya ana gab da saukar ruwa, daidai lokacin sayen taki. Kowa ya zo ya dangwala ya karɓi nasa. Gwaggo Asabe ta ƙulle nata a bakin zane, ta dube ni ta ce ta ji abin da na yi a Makarfi, da tana wajen ita za ta fara ce mini in zauna, don abin kunya ne. Sai kuma ta ce Allah ya yi mini albarka. Bayan kwana biyu aka kawo mini zabo daga Saulawa. Ina alfahari da wannan aiki, ba zan yi muku ƙarya ba. Ba wanda ya jinginar da gona, ba wanda ya fita daga ƙungiya, Alhaji Bawa kuma bai sayar da mota ba.

Sai dai bai ƙara ɗaukar kayanmu ba. Shekara huɗu in muka haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure, sallama ce kawai ke haɗa mu. Na ɗauka a haka za mu mutu. Rannan da safe sai ga ƙanensa a ofis, ya ce Alhaji na kwance ba lafiya, yana kirana, in zo da biro da takarda. Na same shi a ɗaki ya rame, ƙannensa biyu na zaune, ga Malam Zubairu. Ya ce wasiyya zai yi. Yana da ƙananan yara biyar, ƙannen Nasiru, babbansu bai gama firamare ba, yana so ni in riƙe musu rabonsu har su girma. Ƙannensa suka sunkuyar da kai. Na ce Alhaji ga 'yan'uwanka na jini, ni bare ne, kuma kowa ya san yadda muke da kai.

Ya yi tari ya huta, sannan ya ce, "'Yan'uwana mutanen kirki ne, shi ya sa. Kayana na hannun mutane da yawa. Ranar ukuna za su zo su yi kuka, waɗannan kuma su ji tausayi su yafe. Kai nake so ka zauna a wurin." Ya ce kuma kada in ɗauka ya huce, har yanzu in ya tuna ranar nan ransa ɓaci yake. Sannan ya ce in rubuta.

Na rubuta, na karanta masa, ya sa hannu, Malam ya yi shaida. Bai ƙara wata guda ba Allah ya karɓi abinsa. Ranar uku na yi sammako na tafi Makarfi, na zauna a tabarmar gaba kusa da Malam, jakata a kan cinya. Aka yi addu'a aka shafa. Da ƙanensa ya miƙe zai yi wa jama'a magana, bai buɗe baki ba sai da ya juyo ya dubi inda nake.